Fiyus yana ta ƙonewa, an ɗaure shi da waya, yanzu an ce birenbos ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2005, da ita nake haya ina ciyar da iyali. Kwanakin baya wani fiyus shuɗi mai lamba 15 ya riƙa ƙonewa, motar ta mutu ana cikin tafiya. Mai wayarin ya naɗa masa zaren waya, ta ɗan kwana biyu lafiya. Yanzu kik yana juyawa amma ba ta tashi, har ina jin ƙaurin roba. Ya ce birenbos ne ya ƙone, in kawo kuɗin wani. Don Allah haka ne? Ba ni da halin saye.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fitar da ko sisi a kan birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tukuna. Abin gaggawa shi ne ƙaurin nan. Yau ɗin nan a cire kan batir na negetif, a zare wayar da aka naɗa, sannan a fara bincike.

Binciken ba shi da tsawo. A gwada batir da mita: bolt 12.4 zuwa 12.6 idan mota tana kashe, kuma kada ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin da ake yin kik. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Idan fitilar cek ta kama a dasbod, wuta tana isa birenbos. Idan ba ta kama ba, a duba fiyus da rile na EFI, masu kai wa birenbos wuta, da wayar at ɗinsa, wato wadda ke haɗe da bodi, kafin a ɗora masa laifi. Idan injin motarka 1ZZ-FE ne, kowane filogi da kwayil ɗinsa, kowane soket kuma waya huɗu: ta wuta, ta at, ta IGT mai kawo umarnin tartsatsi, da ta IGF mai mayar wa birenbos labarin cewa an yi. Dole a samu bolt 12 a wayar wutar idan makulli yana kunne. Idan akwai wuta amma duka huɗun ba su ba da tartsatsi ba, da wuya a ce sun mutu rana ɗaya, sai a koma kan sansar karanshaf, mai gaya wa birenbos cewa inji yana juyawa. Idan lafiyarta ƙalau, a sanyi mita za ta nuna tsakanin 1,630 da 2,740 om. Na'urar sikan takan nuna P0335 idan ita ce, ko P0351 zuwa P0354 idan layin kwayil ne.

Sai dai matsalarka ba daga nan ta faro ba. Ta faro ne ranar da aka ɗaure fiyus.

Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejoji, har wasu na ɗaukar ta gwaninta. Wani ya naɗa zaren waya, wani takardar kwalin sigari mai ƙyalli, wani ya cire na 15 ya cusa kore na 30 ya ce wancan ba shi da ƙarfi. Wai "fiyus ɗin yanzu ba su da kyau". To ko da jabu ne, fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu, sau uku a wuri ɗaya yana gaya maka wuta tana zurarewa zuwa bodi ne, abin da ake kira shot. An yi shi da gangan ya zama mafi rauni a layin, don ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Lambar da ke jikinsa an zaɓe ta ne daidai da kaurin wayar da yake karewa. Idan ka ɗaure shi, shot ɗin yana nan bai je ko'ina ba, sai dai yanzu siririyar wayar ce za ta ɗauki wutar da ta ninka ƙarfinta sau da yawa. Robarta ta narke. Kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, a dunƙule take da wasu cikin tef ɗaya. Da zarar ta manne da maƙwabciyarta, bolt 12 ya shiga layin sansa da aka yi don bolt 5, ya wuce kai tsaye cikin birenbos. Ka ga ke nan, in ma ya ƙone da gaske, ana iya cewa wanda ya naɗa wayar ne ya ƙona shi. Kuma idan aka jona sabo a kan narkakken wayarin, shi ma zai bi sahu, a ce maka jabu ka sayo. Wannan idan an yi sa'a ke nan. Layin man fetur yana nan kusa, kai kuma fasinja kake ɗauka.

Abin takaicin, gano shot ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada. A samu ƙwan sigina mai wat 21, a jona wayoyinsa biyu a ramin fiyus ɗin, a kunna makulli. Muddin shot yana nan, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare wutar, babu abin da zai ƙone. Sai a riƙa cire soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya, sannan na nozul. Wanda aka cire hasken ya dushe, a nan ɓarnar take. Idan bai dushe ba, a riƙa motsa dunƙulen wayoyin a hankali, musamman inda suke gogar ƙarfe. A duba duk wurin da aka feɗe waya don sa alam ko tiraka ko makullin ɓoye, don irin wannan haɗin na murɗe-da-tef shi ne kan gaba wajen kawo shot. A leƙa ramin filogi ko bakin mai ko ruwan wankin inji ya taru. Duk wayar da ta narke a yanke ta, a sa mai kauri iri ɗaya, a haɗa da dalma.

Gaskiya ɗaya ce, birenbos na wannan ƙirar yana da tarihin matsala. A 2010 Toyota ta kira Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 fiye da miliyan ɗaya a Amurka domin gyara, saboda tsagewa a cikinsa mai sa mota ta mutu ko ta ƙi tashi. Amma ana yanke masa hukunci ne bayan an tabbatar wuta da at suna isa gare shi, sansar karanshaf lafiyarta ƙalau, wayoyin kuma babu narkewa, amma duk da haka IGT ba ta fitowa. Ka tambayi mai gyaran lambobin da mitarsa ta nuna a kowane mataki. Idan ba shi da mita, ka sa a ja motar zuwa wani wurin, batir a cire.