Gwajin Jini Zai Iya Nuna Ko Maganin Sa Barci Zai Cutar da Ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara huɗu ke nan ƙanena ya rasu ana cikin yi masa aikin afendis. An ce jikinsa ya ɗau zafi sosai, ya sandare, zuciya ta tsaya. Daga baya wani likita ya ce yana zargin ciwon gado ne mai suna malignant hyperthermia. Yanzu za a yi wa ɗana mai shekara 9 tiyata, na kasa barci. Na ji ana gwajin ƙwayoyin gado. Zai iya raba mini gardama?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan ƙaninki, ya ba ku haƙuri. Fargabarki tana kan hanya, kuma kin kyauta da kika yi tambayar tun kafin ranar aiki.

Wannan ciwo a kwance yake a cikin tsoka. Mai shi yana noma, yana ƙwallo, lafiya lau, sai ranar da ya shaƙi iskar sa barci irin su halothane, isoflurane ko sevoflurane, ko aka yi masa allurar suxamethonium mai sassauta tsoka. A cikin kowace tsoka akwai ma'ajiyar sinadarin kalsiyam, da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan za a motsa, ta rufe idan an huta. A jikin mai wannan gado, maganin yakan sa ƙofar ta ƙi rufuwa. Kalsiyam ya yi ta kwarara, tsoka ta ɗaure tamau, jiki ya yi ta ƙona kuzari ba tsayawa. Mu a ɗakin tiyata, abin da muke fara gani shi ne yawan iskar carbon dioxide da majiyyaci ke fitarwa yana hawa a kan na'ura, bugun zuciya ya ƙaru, wani lokaci muƙamuƙi ya cije har a kasa buɗe baki. Zafin jiki sau da yawa daga baya yake zuwa. Fitsari kuma ya koma kalar shayi saboda tsokar da ta lalace.

A 1960 aka fara bayyana shi a birnin Melbourne na Ostireliya. Wani saurayi ya karye a ƙafa, amma tsoron maganin sa barci ya fi damunsa, domin 'yan'uwansa 10 sun mutu ta wannan hanya. Likita Michael Denborough ya bi diddigin dangin ya gano gado ne. Ina son wannan labari, domin kin ga tarihin dangi ne ya fara tona asirin ciwon tun babu wata na'ura.

Gadon yana zuwa ko ta uwa ko ta uba, kuma ɓangare ɗaya ya isa. Idan har shi ne ya faru da ƙaninki, yiwuwar kina da shi ɗaya ne cikin biyu, ɗanki kuma ɗaya cikin huɗu.

Sai batun gwajin. Ana ɗibar jini kaɗan, a karanta rubutun da ke cikin ƙwayoyin gado baƙi bayan baƙi, ana neman inda aka samu canji. Wurin da aka fi dubawa shi ne RYR1, wanda ke ɗauke da tsarin ginin waccan ƙofa, sai CACNA1S wanda ba a cika samun matsala a cikinsa ba. RYR1 yana da tsawo ƙwarai, an rarraba shi gida 106, kuma an samu ɗaruruwan canje-canje a cikinsa. Kaɗan ne daga ciki aka tabbatar suna haddasa ciwon.

Saboda haka amsa iri uku ake samu. Idan an ga canjin da aka riga aka tabbatar, magana ta ƙare: mutum yana da shi, sai a bi sauran dangi da neman wannan canjin kaɗai, cikin sauƙi. Idan an ga canjin da ba a san ma'anarsa ba, ana nan tsaka mai wuya. Idan kuma ba a ga komai ba, nan ne nake so ki natsu ki ji ni: wannan bai wanke mutum ba. Akwai iyalai da aka tabbatar suna da ciwon, aka karanta ƙwayoyin gadonsu kaf ba a ga dalili ba. A gidanku abin ya ƙara wuya, domin an fi so a fara gwajin da wanda abin ya same shi, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Idan iyayenku suna raye, da su ko da ke ya dace a fara, kafin yaron.

Gwajin da ke iya cewa "babu" da ƙarfi shi ne na tsoka. Ana yanko ɗan nama daga cinya, a saka shi cikin halothane da sinadarin caffeine tun yana da ɗumi, a auna yadda yake ɗaurewa. Dole a yi shi cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa sai mutum ya je cibiyar da ƙafarsa. Cibiyoyin kaɗan ne, yawancinsu a Turai da Amurka, kuma ba a cika yi wa ƙananan yara ba.

Kada wannan ya sa ki ɗage aikin ɗanki idan yana buƙata. Ki nemi ganin likitan sa barci da kansa kwanaki kafin tiyata, ki zayyana masa yadda ƙaninki ya rasu, ki ce a ɗauki yaron tamkar yana da ciwon. Akwai hanyoyin da ba sa tayar da shi: allurar kashin baya, allurar kashe zafi a wurin aiki kawai, propofol ko ketamine ta jijiya. Za a cire kwalbar iskar daga na'ura, a sauya bututu, a wanke ta da iska mai tsabta. Ki kuma tambaya ko suna da dantrolene, maganin da Gaisford Harrison na Afirka ta Kudu ya nuna amfaninsa a 1975. Kafin zuwansa mafi yawan waɗanda abin ya kama mutuwa suke yi, yanzu kuwa mafi yawa suna tsira inda yake kusa. Asibitocinmu da yawa ba sa ajiye shi alhali har yanzu ana amfani da halothane, kuma wannan yana damuna matuƙa.

Ko da an taɓa sa wa wani a gidanku maganin barci ya tashi lafiya, kada ya saki jiki, domin ciwon yakan tsallake aiki na farko ko na biyu. Ki sanar da yayyenki da ƙannenki da kawunnanku, a rubuta sunan ciwon a katin asibitin kowa. Allah ya sa a yi aikin yaron a sa'a.