Tambaya da Amsa: Yadda Za a Shirya Ranar Lissafi a Sashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar ƙungiyar ɗaliban lissafi a jami'armu. An ɗora mana shirya bikin 14 ga Maris, kuɗinmu kuma kaɗan ne. Me za mu yi da zai jawo har waɗanda ba 'yan sashenmu ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Hukumar UNESCO ce ta ayyana wannan rana a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya a 2019, saboda wata na 3, rana ta 14, sun yi daidai da 3.14, farkon lambar pi, wato abin da ake samu idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta. To ku sa mutane su nemo pi da hannunsu, ta gwajin allurar Buffon. Kwalin ashana goma, farin kwali babba, rula da maka sun isa.

Ku auna tsinken ashana, ku zana layuka miƙaƙƙu a kan kwalin, tazarar kowane biyu ta zama ninki biyu na tsawon tsinken. Idan tsinken santimita 4 ne, tazara ta zama 8. Kowane baƙo ya watsa tsinke 20 daga sama, a ƙirga waɗanda suka taɓa layi. A ƙarshe a raba jimillar tsinken da aka watsa da adadin waɗanda suka taɓa. Da wannan tazara, damar tsinke ya taɓa layi ita ce ɗaya bisa pi, shi ya sa amsar ke kusantar 3.14.

Inda ake samun matsala shi ne ƙarancin jifa. Da tsinke 500, ana sa ran kusan 159 su taɓa layi, amma bambancin goma sama ko ƙasa abu ne da aka saba gani, sai amsa ta fito 2.96 ko 3.36, mutane su ce gwajin ƙarya ne. Ku tara 5,000 zuwa sama, kuna rubuta jimilla a allo tana ƙaruwa. Kada kuma a saki tsinken kusa da takarda, don za su kwanta ta fuska ɗaya. Ku kashe fanka.

Ku ƙara teburin hatimi. Malam Muhammad al-Kishnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai masu gidaje mara. Ku ba baƙi mai gida tara su cika da 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Wanda ya iya, a ba shi mai gida 25 ya cika da 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65.

TAMBAYA: Malam, ni mataimakin malami ne. Gasar integireshan (wani ɓangare na lissafin kalkulas) da muka yi bara ta ƙare da gardama a kan amsoshi. Yaya ake kauce wa haka?

AMSA: Abokin aiki, irin wannan gasa ta samo asali ne daga jami'ar MIT ta Amurka a 1981, kuma kusan duk gardamarta tushe ɗaya gare ta: amsa guda tana zuwa da kamanni daban-daban. Ɗauki integireshan na sin x cos x. Wani zai rubuta rabin sin²x, wani rabin cos²x da alamar ragi, dukansu sun yi daidai, bambancinsu lamba ce tsayayya. Alƙalin da ya riƙe takardar amsa kaɗai zai zalunci ɗaya.

Saboda haka alƙalai su zama uku, su riƙa difaranshiyetin amsar ɗalibi nan take, wato akasin integireshan, su ga ko ta koma tambayar. A sanar tun farko ko barin +C, wato tsayayyar lambar da ake ƙarawa a ƙarshen amsa, yana soke maki. Malamai biyu su warware kowace tambaya daban kafin ranar. A fara da gwajin takarda na tambaya 20 cikin minti 30, a fitar da mutum takwas, sannan bibbiyu a gaban allo, minti uku kowace tambaya.

Takardar neman ɗakin taro ta isa ofishin shugaban sashe mako uku kafin ranar. Ku tsara a gama kafin la'asar, ku kuma rubuta tambayoyin a kwali ko da wuta ta ɗauke majigi ya mutu.