Tururi, Tiriri ko Burbushi?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya ta ce tana jin 'yan jarida na cewa "tururin nukiliya", wasu "tiriri", wasu "burbushi", in suna maganar abin nan mai cutarwa da ke fita daga sinadaran nukiliya. Wanne ne daidai?

Malama, tururi shi ne abin da ke tashi daga tukunya in ruwa ya tafasa, ido na ganinsa. Tiriri kuwa zafin da ke bugun fuskar mutum ne in ya matsa kusa da garwashi, ba ya ganuwa. Don haka na fi son tiriri, ko da yake na nukiliya ya fi na wuta sharri, domin yakan ratsa jiki mutum bai ji komai ba. Burbushi daban ne: ƙananan ragowar abu, kamar na ƙosai a faranti. Shi ke maƙalewa a tufafi da gashi da fata.

Bambancin na da amfani a wajen aikinki. Wanda tiriri kaɗai ya buga ba ya shafa wa kowa, a karɓe shi babu fargaba. Mai burbushi a jiki sai an tuɓe masa tufafi, wanda hakan kan kawar da mafi yawansa, a wanke shi da ruwa da sabulu. A garin Goyaniya na Birazil, a 1987, wasu masu neman ƙarfen gwangwan sun fasa tsohuwar na'urar gashin ciwon daji. Hodar nukiliya da ke ciki tana ƙyalli, aka yi ta rabawa 'yan uwa. Mutum 4 suka rasu, aka auna sama da 100,000.

Wani kuma daga Agadas ya tambayi ma'anar "ba a fafe gora ranar tafiya". Fafewa ita ce a buɗe bakin gora a ƙwaƙule cikinsa, sannan a jiƙa shi kwanaki har ɗaci ya fita. Wanda ya bari sai ya ɗaura kaya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya.

Wannan tambaya ta tuna mini da fashewar tashar nukiliya ta Canobil a Yukren, a 1986. Burbushin aidin mai guba ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, dubbansu suka kamu da dajin ƙullin nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Ƙwayar aidin mai tsabta tana kare wannan ƙulli, amma sai an sha ta kafin gubar ta iso ko 'yan sa'o'i bayan nan. Shi ya sa Faransa ke raba ta tun da wuri ga masu zama kusa da tashoshin nukiliya, su ajiye a gida.