Amsa: Maganin sanƙo zai hana ni shiga soja?

Ɗan'uwa kana tambaya ko sanƙo da minoxidil ɗin da kake shafawa za su sa a yar da kai a gwajin lafiya na shiga soja. A'a, sanƙon gado ba cuta ba ne, kuma ai ko gashin ne cike da kai ƙwal za su yi maka ranar fara horo.

Mu lokacin namu likitan ko kallon tsakar kaina bai yi ba, ido da ƙirji da hawan jini ya fi dubawa. Sai dai fa in makero ne ko wani ciwon fata ke cinye gashin to ka fara magance shi, in kuma dashe aka yi maka ka bari wajen ya warke tukuna. Kuma in kana shan finasteride, wato maganin sanƙo na haɗiya, rubuta shi a fom, kar ka ɓoye.