Fankar motata sai a lamba 4 take aiki

TAMBAYA: Salam Malam, ina da Corolla 2009, tunda sanyin nan ya shigo fankar da ke hura iska cikin mota ba ta motsi a 1, 2, 3 sai na kai ta 4, kuma hita ba ta kawo zafi, da asuba gilas ya yi ta hazo. Zan iya gyarawa da kaina? Mai karatu daga Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Fankarka lafiyarta ƙalau, da ta mutu ko a 4 ba za ta juya ba. Resisto ne ya ƙone, shi ke rage wuta a ƙananan lambobi, ita 4 kai tsaye take shan wuta. Yana ƙasan dashbod ɓangaren fasinja jikin fankar, ka kashe mota ka zare soket ka kwance sukurori, ka tafi kasuwa da tsohon resiston don kar a haɗa ka da wanda bai dace ba. Kuma dan Allah ka sauke akwatin gaban fasinja ka zaro filtar iska, za ka ganta dam da ƙura da busasshen ganye, idan ta toshe iska ba ta sanyaya resiston sai ya sake ƙonewa.

Maganar zafi kuwa, ka bari inji ya huce tukuna ka duba ruwan lagireto, kar ka kuskura ka buɗe murfin da zafi. In ruwa ya cika ka tada mota ta ɗumama, ka taɓa tiyo biyun hita da ke bayan inji, in ɗaya zafi ɗaya sanyi to hitar ta toshe. Wasu makanikai ma cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, suke yi wai ƙasarmu zafi, in an cire naka ka sa a mayar maka.