Mai ɗab'i ya ce in kawo aiki "camera-ready", me yake nufi?

Tambaya: Ina haɗa yaji ina sayarwa a robobi. Na je maɗaba'a a buga mini sitika 5,000, sai suka ba ni farashi biyu, suka ce mai sauƙin na aikin da yake "camera-ready" ne. Mene ne wannan, kuma wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kalmar ta daɗe a sana'ar ɗab'i. A da, yanka rubutu da hotuna ake yi a liƙa a jikin kwali, a ɗauki hoton shafin da wata ƙatuwar kyamara, daga fim ɗin a fitar da farantin da inji zai yi bugu da shi. Shafin da ba sauran gyara a jikinsa, hoto kawai yake jira, shi ake kira haka. Yanzu kwamfuta ke tura aiki kai tsaye zuwa faranti, amma sunan bai canja ba.

A wajen ciniki, abin da suke gaya miki shi ne: yadda kika kawo, haka za mu buga. Ba za su duba miki rubutu ba. In lamba ɗaya ta kuskure a lambar wayarki, sitika 5,000 sun tashi a banza, kuma ba ki da bakin cewa su biya. In da babban inji ne, bugun kala faranti huɗu yake ci, ko wane gyara bayan an fitar da su sabon kuɗi ne.

Hoton da aka haɗa a waya bai kai wannan matsayi ba, komai kyansa a ido. Ana son fayil na PDF, a tsarin launi na CMYK, wato launukan tawada huɗu da injin ɗab'i yake aiki da su, don launin fuskar waya daban yake da na tawada. Jan barkonon nan mai sheƙi yakan fito a dushe. Kaifin hoto ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. A bar rarar launi ta milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Sai ƙugiyoyinmu, ɓ da ɗ da ƙ: in kwamfutarsu ba ta da irin harafin da aka yi aiki da shi, sai su rikiɗe ko su ɓace. Don haka mai zanen ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya tura. Masu aiki da manhajar zane ta CorelDRAW sun san wannan. Kada kuma a aika ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi.

Tunda bugunki na farko ne, ni dai mai tsadar zan ce ki ɗauka, wato wanda su za su shirya miki fayil ɗin, da sharaɗi biyu. Su buga miki samfuri a takarda, ki liƙa a roba, ki ba wani ya karanta, sannan ki sa hannu. Su kuma ba ki fayil ɗin da suka gama, a rubuta haka a rasit. Da shi za ki nemi farashi mai sauƙin a bugu na gaba, a wurinsu ko a wata maɗaba'ar. Ki ce su bar gurbin da za ki riƙa buga ranar haɗi da ranar ƙarewar wa'adi.