Tambaya da Amsa: An bar kusurwa ɗaya a lissafi, gefen siffar nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, baɗi zan zana jarrabawar WAEC in Allah ya yarda. An ba mu wannan aikin gida: "Wata siffa ce mai gefuna da yawa, ba ta lotsa ciki ta ko'ina ba. An tara dukkan kusurwoyinta na ciki ban da guda ɗaya, aka samu digiri 2190. Gefenta nawa ne, kuma digiri nawa ce kusurwar da aka bari?" Na raba 2190 da 180, na samu 12 da ɗoriya, na yar da ɗoriyar, na ƙara 2, ya ba ni 14. Malaminmu ya ce 15 ne. Yayana kuma ya dage cewa 16 ma tana yiwuwa. Don Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ne da gaskiya: gefe 15, kusurwar da aka bari kuma digiri 150. Amma maganar yayanki ba ta banza ba ce, zan zo kanta.

Mu fara da inda 180 ɗin nan ta samo asali, don wanda ya haddace ƙa'idar (n − 2) × 180, inda n ke nufin yawan gefuna, bai san tushenta ba, irin wannan tambaya ce ke kayar da shi. Ki zana siffa mai gefe biyar. Ki tsaya a lungu ɗaya ki ja layi zuwa kowane lungu da ba maƙwabcinsa ba. Layi biyu za ki ja, siffar ta tsage gida uku, kowane gida alwatika ne. Mai gefe shida za ta ba ki alwatika huɗu. Kullum yawan alwatikan yana kasa yawan gefunan da biyu, kowace alwatika kuma kusurwoyinta 180 ne. Ke nan jimlar kusurwoyin ciki ba ta faɗawa inda ta ga dama: 180, 360, 540, 720, a haka take hawa. Babu rabin alwatika.

To, 2190 ba ta cikin wannan jeri. Tana tsakanin 12 × 180, wato 2160, da 13 × 180, wato 2340. A nan kika zame. Da kika yar da ɗoriya kika ce gefe 14 ne, kin ce ke nan jimlar kusurwoyin siffar gaba ɗaya 2160 ce. Amma tun ba a saka kusurwar da aka bari ba, an riga an kai 2190. Ta yaya wani sashe zai fi duka yawa? Cikakkiyar jimlar dole ta haura 2190, kuma ta farko da ta haura ita ce 2340. Saboda haka n − 2 = 13, n = 15, kusurwar kuma 2340 − 2190 = 150.

Ɗoriyar nan da kika yar, ita ce mabuɗin. 2190 = (12 × 180) + 30. Ragowar 30 na jiran abin da zai cika ta 180, shi ne 150. Shi ya sa nake hana ɗalibai danna wannan rabawa a kalkuleta: za ta nuna miki 12.1666, sai hannu ya yi ƙaiƙayin mayar da ita 12. Ki raba da hannu, ki ga ragowarki ƙuru-ƙuru.

Yanzu batun yayanki. Idan gefe 16 ne, jimla ta zama 14 × 180 = 2520, kusurwar da aka bari ta zama 330. Akwai siffa mai irin wannan kusurwa, amma sai wadda lungunta ɗaya ya nutse ciki, domin duk kusurwar cikin da ta wuce 180 lotsawa ce. Tambayarku kuwa ta faɗa ƙarara cewa siffar ba ta lotsa ba, wato kowace kusurwa tana ƙasa da 180. Wannan 'yar maganar da ɗalibai ke tsallakewa suna sauri ita ta kori 16. Da mai tambayar ya manta bai saka ta ba, da amsa biyu ke nan, 15 da 16, kuma da yayanki ya ci gardama. Ita 17 ko ta wace hanya ba ta shiga, don kusurwar za ta zama 510, ta zarce 360.

Ga yadda za ki tabbatar da amsarki a ɗakin jarrabawa, ta kusurwoyin waje. Ki ɗauka kina zagaya gona ta kan iyakarta: a kowane lungu kina karkatawa kaɗan, kafin ki dawo inda kika fara kin juya zagaye ɗaya cur, digiri 360. Waɗannan karkate-karkaten su ne kusurwoyin waje, kuma a kowane lungu ta ciki da ta waje suna haɗuwa su ba da 180. Lunguna 14 aka tara, don haka na wajensu sun kama 14 × 180 − 2190 = 330. Saura 30 a cika 360. Ta waje 30, ta ciki 150. Lissafi ya hau.

Wasu kuma sukan ɗauka kusurwoyin duk daidai suke da juna, alhali ba a faɗa ba. Siffa mai gefe 15 da komai nata yake daidai, kowace kusurwarta 156 ce, guda 14 su ba da 2184. Ba 2190 ba. Tamu kusurwoyinta sun bambanta.

Abin da zai ba ki dariya, 14 ɗinki amsa ce ingantacciya, amma ta wata tambayar daban. Da cewa aka yi wani ɗalibi ya tara kusurwoyin ya maimaita guda ɗaya sau biyu har ya samu 2190, to a nan jimlar gaskiya ƙasa take: 2160, gefe 14, kusurwar da aka maimaita 30. Lamba ɗaya, amsa daban. In an bar kusurwa, sama za ki hau. In an maimaita, ƙasa za ki sauka.

Ki gwada wannan kafin ki rufe littafi: siffar da ba ta lotsa ba, an bar kusurwa ɗaya, sauran sun ba da 1000. In kin samu gefe 8, ki nemo kusurwar, sannan ki auna ta da hanyar kusurwoyin waje.